Gwangwanayen Inna Cima

Jajayen awaki huɗu na kora kasuwa,
Su ne gadon da na samu ta wajen uwa.
Na ƙirga jikkuna, kaina ya ɗauki rawa,
Kafin la'asar na sayo firigo ɗan gwanjo,
Amalanke ya sauke mini shi a Bagalam.

Na ce ƙanƙara! Wa zai ƙi sanyi a Maraɗi?
Ga rana, ga azumi na tafe, ga kuɗi.
Iyakar lissafina ke nan, ban ƙara ba.

Satin farko na sha daɗi.
Yara da kwanoni har bakin titi,
Dala ashirin, dala ashirin, aljihu ya yi nauyi.
Na ɗinka shadda, na sake waya,
Na ba Tsahiru bashi don ya ce mini Alhaji.

Sai wuta ta tafi.
Kwana uku ba ta ko leƙo mu ba.
Na buɗe murfi, ledoji suna iyo,
Jarina ya zama ruwa, ya bi rariya.
Mai shago ya zo karɓar haya,
Mai fatanti ya biyo sawunsa,
Takardar wutar da ban sha ba ta iso.
Naira ta yi tsalle, leda ta yi tsada.
Da ɗari ya shigo, ko kyauta ba mai so.

Na tafi Mokoyo gaida Inna Cima,
Shekara talatin tana matsar man gyaɗa.
Ba ta taɓa zaman lakwal ba,
Ba ta san alif ba balle baƙin boko.
Ta dube ni, ba ta tsaida muciya ba:
«Nomau, nawa ka sa?» Na faɗa.
«Nawa kake ci a yini?» Na yi shiru.
«In wuta ta ƙi, me ka tanada?»
Na ce Allah na nan.
Ta ce: «Yana nan. Shi ya ba ka kai.»

Ta jawo gwangwanaye uku daga ƙarƙashin gado,
Na tumatir ne, duk sun yi tsatsa.
«Wannan uwar kuɗi ce, ko biki ba ya taɓa ta.
Wannan na tukunya, shi muke ci.
Wannan ƙaramin na ranar da gyaɗa ta ƙi.
Tun kaka na san abin da zan saya,
Na san mai saye, na san watan da ba ya zuwa.
Kai ka shiga Gulbi ba ka sa sanda ba.»

Daren nan na ari kayen ƙanwata Habsu,
Shafi biyu da suka rage bayan lissafin aji.
Na rubuta haya, wuta, leda, ruwa,
Na rubuta masu firigo shida a layinmu,
Waɗanda da ban ko ƙirga su ba.
Na rubuta watannin zafi, na ware na ɗari,
Na sa shayi da ƙosai a gurbin ƙanƙara.
Alƙalami ya faɗa mini abin da aboki ya ɓoye:
Ribar da na yi wa shadda, jarina ce na sa.

Ban farfaɗo ba tukuna, kar in yi ƙarya.
Tsahiru har yau yana sauya hanya.
Amma na mai da akuya ɗaya turke,
Ina tara na hasken rana, jika-jika.
Kayen ya yi maiƙo, gefensa ya naɗe,
Kullum bayan isha'i nake buɗe shi.

Jiya ƙanen Tsahiru ya zo da fara'a,
Ya sai da gona, zai sayi babur na haya.
Na zuba masa shayi, na tura masa kujera,
Na yago shafi guda, na ce: «Nawa ka sa?»